Hawa da Sauka a Ilmin Lissafi: Bayani a kan Hawan Sifiri da na Ƙasa da Sifiri



1. Gabatarwa

Akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana ba ɗalibai wuya a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, har ma da jami'o'i. Idan aka rubuta wa yaro 2³ a allo, nan take zai ce 8, domin an koya masa cewa ƙaramar lambar nan da ke bisa kafaɗar babbar tana nufin 2 × 2 × 2. Amma da zarar an rubuta 2⁰, sai aji ya rabu gida biyu, wasu su ce sifiri, wasu su ce 2. In malami ya ce amsar 1 ce, sai su rubuta, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, alhali kuwa a zuci ba su yarda ba. Idan aka zo kan 2⁻³, abin sai ya ƙara dagulewa. Wasu su ce −8, wasu su ce −6, ga shi kuwa amsar ita ce ɗaya bisa takwas, watau sumuni.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna inda waɗannan amsoshi biyu suka fito, da kuma dalilin da ya sa babu wata amsa da za ta zauna daidai sai su. Za a yi bayanin da Hausa, domin abin da mutum ya iya faɗa da harshen da yake tunani da shi, shi ne abin da ya fahimta. Za kuma a nuna cewa maganar ba ta tsaya a ɗakin jarrabawa ba. Akawun da ke lissafin kuɗi, da ma'aikacin asibitin da ke auna magani, da tsohon ma'aikacin da ke jiran haƙƙinsa, duk wannan 'yar ƙaramar lamba tana da ruwa da tsaki a cikin al'amuransu, ko sun sani ko ba su sani ba.

2. Kalmomin da za a yi aiki da su

Kafin a shiga bayani sosai, ya kamata a daidaita a kan kalmomi. A rubutu irin 2³ akwai lambobi biyu. Babbar, watau 2, ita ce ake ninkawa da ita, saboda haka za a kira ta tushe. Ƙaramar da ke sama, watau 3, za a kira ta hawa, kamar yadda Bahaushe yake cewa bene mai hawa uku. Ke nan 2³ za a karanta shi "biyu hawa uku", 10² kuma "goma hawa biyu", 2⁰ kuwa "biyu hawa sifiri". Idan ƙaramar lambar tana ɗauke da alamar ɗebewa, kamar a 2⁻³, za a karanta shi "biyu sauka uku". Nan gaba za a ga dalilin zaɓen wannan kalma ta sauka.

Sauran kalmomin kuwa Hausa ta daɗe da su. Akwai tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Akwai rabi, da kuma jerin kalmomin da aka aro daga Larabci: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri, watau ɗaya bisa uku har zuwa ɗaya bisa goma. Ita kanta kalmar sifiri daga Larabci ta zo, inda asalin ma'anarta shi ne abin da yake wofi, kuma daga wannan kalmar ce wasu harsunan Turai suka samo sunan da suke kiran wannan lamba da shi.

3. Inda ruɗun ya samo asali

Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka bi diddigin ruɗun da ɗalibai ke shiga, za a tarar cewa daga magana ya taso, watau daga jimlar da aka fara gabatar musu da darasin da ita. Yawanci akan ce wa yaro: biyu hawa uku na nufin a ninka biyu da kanta sau uku. Wannan jimla tana da daɗin haddacewa, amma in an auna ta, ba ta cika mudu ba. A dubi 2 × 2 × 2, a ƙirga alamomin ninkawa da ke ciki: biyu ne, ba uku ba. Haka nan idan aka ce 2¹ na nufin a ninka biyu da kanta sau ɗaya, to, 2 × 2 ke nan, amsar ta zama 4, alhali kowa ya san 2¹ daidai yake da 2. Jimlar da ta yi tuntuɓe a hawa ɗaya, ba abin mamaki ba ne ta faɗi warwas a hawa sifiri. Yaron da aka ce wa ya ninka biyu da kanta sau sifiri, yana da gaskiya idan ya ce bai ga abin da zai rage ba.

Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne. Sai a ce: a fara da ɗaya, sa'an nan a ninka da tushe sau adadin da hawa ya nuna. Ga yadda abin zai kasance:

2³ = 1 × 2 × 2 × 2 = 8
2² = 1 × 2 × 2 = 4
2¹ = 1 × 2 = 2
2⁰ = 1

Yanzu alamomin ninkawa sun yi daidai da hawa: uku, biyu, ɗaya, babu. A layi na ƙarshe ba a yi ninki ko sau ɗaya ba, saboda haka ɗayan da aka fara da ita tana nan yadda take.

Alal misali, a ɗauka wani ɗan kasuwa ya fara sana'a da buhun gero ɗaya, kuma kowace shekara jarinsa yana ninkuwa biyu. Bayan shekara ɗaya yana da buhu 2, bayan shekara biyu buhu 4, bayan shekara uku buhu 8. To, a ranar da ya fara, lokacin da shekara ko ɗaya ba ta wuce ba, buhu nawa gare shi? Buhunsa ɗaya yana nan a rumbu. Sifirin da ke cikin 2⁰ yawan ninkin da aka yi yake ƙirgawa. Bai ce komai ba game da ƙarewar gero.

Abin da ke jan hankalin ɗalibi zuwa ga sifiri shi ne sabon da ya yi da 2 × 0 = 0. A can, tarawa ake maimaitawa: 2 × 3 na nufin a fara da hannu wofi, a ƙara biyu sau uku. In ba a ƙara komai ba, hannu yana nan wofi. Kowane aiki daga cikin biyun nan yana da lambar da ba ta canja komai a cikinsa. A tarawa, sifiri ne: 7 + 0 = 7. A ninkawa, ɗaya ce: 7 × 1 = 7. Saboda haka mafarin tarawa sifiri, mafarin ninkawa ɗaya. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Akwai wani tsohon labari da ke ƙara fito da wannan, wanda malamin tarihin nan Ibn Khallikan ya kawo a littafinsa a ƙarni na 13. An ce wanda ya ƙago wasan darar nan ta Indiya, mai gida 64, wadda Larabawa ke kira shaɗaranj, ya roƙi sarki ladan ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, sai da masu lissafi suka gaya masa cewa rumbunan duniya ba za su biya ba, domin jimlar ta kai ƙwaya 18,446,744,073,709,551,615. Abin lura a nan shi ne gidan farko. Gida na huɗu yana da 2³, na uku 2², na biyu 2¹. Na farko ke nan 2⁰, kuma ƙwaya ɗaya ce a cikinsa. Da a ce sifiri ne, da sarki bai biya ko ƙwaya ba, domin kome yawan ninkin da aka yi wa babu, babu za a samu.

4. Matakalar hawa da sauka

Yanzu sai a juya ga hawan da ke ƙasa da sifiri. A dubi jerin nan kamar matakalar bene, a fara daga sama: 16, 8, 4, 2, 1. Duk wanda ya hau taki ɗaya ya ninka da biyu, wanda kuma ya sauko taki ɗaya ya raba da biyu. Daga 2⁴ zuwa 2³, an raba 16 ya zama 8. Daga 2¹ zuwa 2⁰, an raba 2 ya zama 1. To, mene ne zai hana a ci gaba da sauka? Ɗaya ma tana rabuwa. Ga cikakkiyar matakalar:

2³ = 8
2² = 4
2¹ = 2
2⁰ = 1
2⁻¹ = 1/2 (rabi)
2⁻² = 1/4 (rubu'i)
2⁻³ = 1/8 (sumuni)

Hawa sifiri shi ne daɓen ƙasa, inda mutum yake tsaye kafin ya taka matakala. Biyu sauka uku na nufin a fara da ɗaya, a raba da biyu sau uku: 1 ÷ 2 ÷ 2 ÷ 2. Matar da ta yanka kabewa biyu, ta ɗauki ɓari ɗaya ta sake yanka shi biyu, ta kuma sake, ta yi wannan lissafin da wuƙa, kuma abin da ke hannunta sumunin kabewa ne.

Daga nan za a fahimci kuskuren mai cewa 2⁻³ shi ne −8. Ya ga alamar ɗebewa, sai ya ɗauka bashi ake magana. Amma alamar ba a jikin tushe take ba, a jikin hawa take, kuma aikinta shi ne ta nuna inda aka fuskanta a kan matakala, sama ko ƙasa. Kome nisan saukar da aka yi, ba za a isa sifiri ba, balle a wuce shi: 2⁻¹⁰ shi ne 1/1,024, ƙanƙane ƙwarai, amma yana nan sama da sifiri. Mai neman −8 sai ya sa alamar a jikin tushe, ya rubuta (−2)³, watau −2 × −2 × −2. Waɗannan abubuwa biyu dabam suke, kuma wurin da alamar ta zauna shi ne ya raba su.

Haka abin yake ga kowane tushe. Goma sauka ɗaya ushiri ne, goma sauka biyu ɗaya bisa ɗari. Uku sauka ɗaya sulusi ne, uku sauka biyu tusu'i. Idan kuma tushen kansa gutsure ne, kamar rabi, sai matakalar ta juya: hawa yana rage adadi, sauka tana ƙara shi. Raba ɗaya da rabi yana ba da 2, domin rabi biyu ne a cikin ɗaya. Ke nan (1/2)⁻¹ = 2, kuma (1/2)⁻³ = 8.

5. Hujjar da ta ɗaure maganar

Mai kaifin hankali zai iya cewa: wannan matakala kyakkyawan zane ce, amma wa ya tilasta a bi ta? Me zai hana wani ya ce shi a wurinsa 2⁰ sifiri ne? Tambayar tana kan hanya, kuma gaskiyar magana ita ce, ma'anar hawa sifiri da ta sauka yarjejeniya ce da masana lissafi suka yi. Sai dai yarjejeniya ce wadda ba a ba su zaɓi a cikinta ba, saboda wata ƙa'ida guda ɗaya.

Ƙa'idar ita ce: idan aka ninka lambobi biyu masu tushe ɗaya, sai a tara hawansu. Alal misali, 2³ × 2² shi ne (2 × 2 × 2) × (2 × 2), watau biyu guda biyar a jere, 2⁵. A gwada da lambobi: 8 × 4 = 32. Wannan ƙa'ida ita ce dukan amfanin hawa, domin tana mayar da ninkawa, wadda take da wuya, ta koma tarawa, wadda take da sauƙi. A kanta ne John Napier na ƙasar Sikotilan ya gina jadawalin logaridim da ya buga a 1614, irin wanda ɗalibai suka yi ta aiki da shi kafin na'urar lissafi ta aljihu ta wadata.

To, a sa sifiri a cikin ƙa'idar. 2³ × 2⁰ dole ya zama 2³, tun da 3 + 0 = 3. Watau 8 aka ninka da wani abu, aka sake samun 8. Wannan abin ba zai zama komai ba sai 1. In kuwa wani ya nace cewa 2⁰ sifiri ne, to, ya yarda ke nan cewa 8 × 0 = 8, wanda ko ɗan aji biyu na firamare ba zai karɓa ba.

Sa'an nan a sa sauka. 2³ × 2⁻³ dole ya zama 2⁰, domin hawa uku da sauka uku sun mayar da mutum daɓen da ya taso. An riga an tabbatar 2⁰ ɗaya ne. Saboda haka 8 aka ninka da wani abu aka sami 1, kuma wannan abin shi ne 1/8. Da a ce −8 ne, da amsar ta zama −64, ƙa'idar ta rushe. Ashe ke nan duk wanda ya yarda cewa 8 × 4 = 32 shi ne 2⁵, kuma yana son ƙa'idar ta ci gaba da aiki ba tare da togiya ba, ya riga ya yarda da sauran.

6. Togiya guda: idan tushe sifiri ne

Wuri ɗaya ne ake taka-tsantsan, watau inda tushen kansa sifiri ne. 0³ sifiri ne, 0² ma haka. Amma 0⁻¹ na nufin a raba ɗaya da sifiri, wannan kuwa ba shi da amsa, domin babu lambar da za a ninka da sifiri a sami ɗaya. Matakalar sifiri ba ta da sauka.

Shi kuwa 0⁰, masana sun daɗe suna ja-in-ja a kansa. Masanin Faransa Augustin-Louis Cauchy ya sa shi a jerin siffofin da ba su da tsayayyar amsa a littafinsa na 1821, domin a fannin da ake bin adadi yana matsowa kusa da sifiri sannu a hankali, amsar takan bambanta gwargwadon hanyar da aka biyo. A ɗaya ɓangaren, masu aljabara da masu ilmin ƙirga suna ɗaukarsa 1, kuma masanin kwamfuta Donald Knuth na Amurka ya kare wannan ra'ayi da ƙarfi a wata maƙala ta 1992. Abin da ya wajaba ga ɗalibi shi ne ya faɗi ƙa'idar da sharaɗinta: kowace lamba hawa sifiri ɗaya ce, muddin lambar ba sifiri ba ce.

7. Taƙaitaccen tarihi

Ɗalibin da wannan darasi ya ba wuya kada ya ji kunya, domin manyan masana ma sun daɗe kafin su kai gare shi. Arkimidis, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin Miladiyya, ya rubuta wata risala inda ya ƙiyasta yawan ƙwayoyin yashin da za su cika sararin samaniya, kuma a ciki ya nuna ƙa'idar tara hawa ga ninke-ninken goma. Amma ba shi da sifiri, ba shi da lambobin ƙasa da sifiri. A Indiya, Brahmagupta ya tsara ƙa'idojinsu a littafinsa na shekara ta 628, yana kiran na sama dukiya, na ƙasa bashi.

A Bagadaza, wajen shekara ta 820, Al-Khawarizmi ya rubuta littafin da ilmin aljabara ya samo sunansa daga gare shi. Masana lissafi na Larabci suna kiran hawa biyu mal, hawa uku ka'ab, sa'an nan su harhaɗa: mal mal shi ne hawa huɗu, mal ka'ab hawa biyar, ka'ab ka'ab hawa shida. Ga ƙa'idar tara hawa nan a cikin sunayen kansu. Wajen shekara ta 1000, Al-Karaji ya miƙa jerin zuwa ɗaya ɓangaren, ya yi aiki da ɗaya bisa mal da ɗaya bisa ka'ab. Sa'an nan a ƙarni na 12, As-Samau'al, a littafinsa Al-Bahir wanda ya rubuta yana saurayi, ya zana jadawali mai matakai zuwa dama da hagu, ya sa lamba ɗaya a tsakiya a matakin sifiri. Wannan ita ce matakalar da aka zana a baya.

A Turai, Nicolas Chuquet na birnin Liyon a Faransa ya yi amfani da hawa sifiri da na ƙasa da sifiri a wani littafi da ya kammala a 1484, amma ba a buga shi ba sai a 1880. Michael Stifel na Jamus, a littafinsa na 1544, ya jera lambobi daga −3 zuwa 6 a layin sama, ya sa 1/8 zuwa 64 a ƙarƙashinsu. René Descartes ne ya yaɗa salon rubuta ƙaramar lamba a kafaɗar babba a 1637, ko da yake ya tsaya ga hawan da ke sama da sifiri. John Wallis na Ingila ya yi bayanin ma'anar sauka a 1656, Isaac Newton kuma ya rubuta ta da salon da ake bi yanzu a wata wasiƙa ta 1676. Daga Arkimidis zuwa Newton kusan shekara 1,900 ke nan. Abin da ya ɗauki masana wannan tsawon zamani, bai kamata a ba yaro shi a layi ɗaya a ce ya haddace ba.

8. Amfaninsa a wurin aiki

Misali na farko yana cikin aljihun kowa. A ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule, inda sule 20 ke yin fam, kwabo 12 ke yin sule, ta koma naira da kwabo, inda kwabo 100 ke yin naira. Tun daga ranar, duk akawun da ya rubuta ₦345.67 ya yi aiki da matakalar goma, domin ma'anar rubutun ita ce:

(3 × 10²) + (4 × 10¹) + (5 × 10⁰) + (6 × 10⁻¹) + (7 × 10⁻²)

Gidan ɗai-ɗai shi ne goma hawa sifiri. Da 10⁰ sifiri ne, da naira biyar ɗin nan ta ɓace daga littafin kuɗi. Ɗigon da ke tsakiya alama ce ta inda hawa ya ƙare, sauka ta fara, kwabo kuwa shi ne naira sau 10⁻². Dattawa ma za su tuna anini, wanda guda goma ke yin kwabon da, watau goma sauka ɗaya.

Misali na biyu shi ne awo. A tsarin mita da giram, mili na nufin 10⁻³, maikuro 10⁻⁶, nano 10⁻⁹, kuma a 2022 babban taron awo na duniya ya ƙara sunaye har zuwa 10⁻³⁰. Faɗin ƙwayar jan jinin mutum wajen maikuromita 7 zuwa 8 ne. Tsakanin miligiram da maikurogiram taki uku ne kawai a matakala, amma taki ukun nan ninki 1,000 ne. Ma'aikacin asibitin da ya ɗauki wannan a madadin wancan ya ba majinyaci ninki dubu na abin da likita ya rubuta.

Misali na uku ya shafi ma'aikata kai tsaye. A ɗauka, don misali kawai, farashin kaya yana tashi da kashi 20 cikin 100 kowace shekara. Abin da ake saye naira 1 bana, baɗi sai 1.2, bayan shekara huɗu sai 1.2⁴, watau wajen 2.07. Farashi yana hawa, ƙarfin kuɗi kuwa yana sauka a kan matakala guda: bayan shekara huɗu ƙarfin naira ya zama 1.2⁻⁴, watau wajen 0.482. Ke nan ma'aikacin da ya yi ritaya, aka riƙe masa garatutinsa na ₦1,000,000 har shekara huɗu, ranar da aka biya shi abin da kuɗin za su saya bai wuce abin da ₦482,000 za su saya a ranar da ya ajiye aiki ba. A takarda an biya shi cif, a kasuwa kuwa fiye da rabin haƙƙinsa ya tafi. Da an biya shi nan take, da lissafin ya zama 1.2⁰, watau 1, kuɗinsa cikakku. Jami'in da ya san wannan lissafi ya san nauyin fayil ɗin da ke kwance a kan teburinsa.

Misali na huɗu daga binciken tarihi yake. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon-14, wanda yake raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 5,730 daga ranar da abin ya mutu. Bayan wa'adi ɗaya saura 2⁻¹, bayan shekara 11,460 saura 2⁻², bayan shekara 17,190 saura 2⁻³. Willard Libby na Amurka ne ya fito da wannan hanya ta gano shekaru a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1960. Da ita aka auna kwalekwalen nan da aka gano a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, a 1987. Abin da ya rage na sinadarin a jikin itacensa yana tsakanin rabi da rubu'i, wanda ya nuna cewa ya kai kimanin shekara 8,000.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, akwai shawarwari uku. Na farko ga malamai: a daina cewa a ninka lamba da kanta sau kaza, a koma cewa a fara da ɗaya a ninka, ko a fara da ɗaya a raba. A bar yara su zana matakalar da hannunsu, su sauko da kansu, kafin a gaya musu ƙa'ida. Gani ya kori ji.

Na biyu ga masu nazarin harshe da masu rubuta littattafan makaranta: tushe da hawa da sauka shawara ce aka kawo, ƙofa kuma a buɗe take ga wanda ya sami waɗanda suka fi su. Abin da ake bukata shi ne malaman Hausa da malaman lissafi su zauna tare su daidaita, domin malamin harshe shi kaɗai zai iya ƙago kalma mai daɗi wadda ta kauce wa ma'ana, malamin lissafi shi kaɗai kuma zai iya kawo ma'ana daidai cikin kalmar da ba mai iya furtawa.

Na uku ga ɗalibai da ma'aikata: duk lokacin da aka ci karo da ƙaramar lamba a kafaɗar babba, a yi tambaya biyu. Taki nawa ne, kuma sama ko ƙasa? In sifiri ne, ba a motsa ba, ana nan a kan ɗaya. In da alamar ɗebewa, rabawa ake yi. Wanda ya iya amsa waɗannan tambayoyi biyu ba ya bukatar hadda, kuma ko ya manta ƙa'idar bayan shekara ashirin da barin makaranta, zai iya sake gina ta da fensir a bayan ambulan.